Nolberto Ayavire da Zoben da Ya Ƙi Tsayawa

Nolberto Ayavire ɗan Toconao ne, wani ƙaramin gari da ke kusa da wani dogon tudu. Ubansa manomin ɓaure da inabi ne a kwarin da ke bayan gari, uwarsa kuma masaƙiya. Shi kaɗai ne cikin 'ya'yansu ya tafi Antofagasta ya karanta lissafi, ya dawo ya koyar a wata sakandare a Calama har furfura ta fara leƙo masa a gefen kunne. Ɗalibansa suna son sa, sai dai sun ce idan ka yi masa tambaya, yakan tsaya yana kallon allo har a kaɗa ƙararrawa, don tambayar ta fi damunsa a kan kai da ka yi ta.

Ni sunana Eliana. Na san shi ne ranar da ya fara aiki a ofishinmu na Santiago, aka ajiye masa tebur manne da nawa. Aikinmu shi ne gyaran bayanan da ke saukowa daga wasu manyan farantan ƙarfe da aka kafa a kan tudun, masu sauraron sama don binciken taurari. Nolberto ya sha ganin ana hawa da su a kan motoci ta kusa da garinsu, kuma abin da ya raba shi da alli ke nan: yana so ya ga abin da suke gani.

Na buɗe masa manhajar da muke aiki da ita. Ya daɗe yana kallon fuskar kwamfuta cike da ɗige-ɗige, sannan ya juyo.

"Ina taurarin?"

"Ga su nan a gabanka."

"Haba, Eliana. Wannan ai kashin ƙuda ne."

Na yi masa bayani yadda aka yi mini. Farantan ba sa ɗaukar hoto. Wata igiyar rediyo mai rauni suke kamawa daga sama, kuma kafin ta iso, laimar da ke cikin iska ta riga ta lanƙwasa ta. Ga shi kowane faranti da halinsa, wani yana ƙara gishiri, wani yana ragewa. Saboda haka a tsakiyar kowane kallo sai a juya su duka su saurari wani abu mai haske can nesa, wanda aka san ƙarfinsa. Da shi manhaja take gane kuskuren kowa ta daidaita. Mu kuma mu bi sauran mu tsince marasa kyau, kamar mai tsince tsakuwa a wake. Sai bayan haka ne hoto yake fitowa.

"To shi wannan da aka san ƙarfinsa," in ji shi, "wa ya san shi?"

"An auna shi da duniyar Uranus."

"Ita kuma fa?"

"Akwai lissafin da masana suka yi a kanta."

"Su da me suka auna lissafin?"

"Nolberto, sha shayinka ya huce."

Ya koyi aikin, kuma ya iya. Hannunsa yana da tsabta, sai dai ba shi da sauri. Abin da wani zai gama kafin abincin rana, shi sai ya kwana biyu yana juya shi. Yakan zo da burodi da fiya a leda, ya ajiye a gefen kwamfuta, ya tashi da yamma ya mayar da su jaka bai taɓa ba. Matarsa Herminia ta ƙi biyo shi Santiago, ta zauna a Calama tana aiki a kantin magani. Ta gaji da bayanin aikin mijinta, sai ta riƙa ce wa maƙwabta yana aikin rediyo. Duk ranar da ya je gida sai ya tarar da matattun rediyo jere a kan tebur suna jiran sa. Bai taɓa mayar da ko ɗaya ba. Yakan kwance su, ya yi ta kallon cikinsu, wani lokaci ma su tashi, shi kansa bai san me ya taɓa ba.

A shekararsa ta uku aka ba shi bayanan wata masaniyar taurari 'yar Norway, Dokta Marit. Wani gajimaren ƙura take nazari, inda ake zaton sabon tauraro yana tsirowa. Nolberto ya bi matakan duka, ya tsince abin tsincewa, ya sa manhaja ta haɗa hoto. Sai ga wani siririn zobe kewaye da tauraron, dishi-dishi amma a zagaye tsaf.

Ya kira ni. Na leƙa na ce, "Kai, wannan ya yi kyau. Matar nan za ta yi rawa."

"Tsaya ki ga."

Akwai faranti ɗaya, mai lamba arba'in da biyu, wanda ɗigoginsa suke ɗan karkacewa. Ba su lalace ba, ba su kuma miƙe kamar na sauran ba. Nolberto ya cire shi ya sake haɗa hoton. Zobe ya ɓace, sai tauraro shi kaɗai. Ya mayar da farantin, zobe ya dawo.

"To," in ji shi, "farantin ne ya ga abin da sauran ba su gani ba, ko shi ne ya zana shi?"

Ban sani ba. A lokacin arba'in da biyu yana can gefe, nesa da 'yan'uwansa, kuma irin waɗannan na nesa su ne ke kama abubuwa sirara. Su ne kuma iska ta fi yaudara. Duk biyun za su iya zama gaskiya.

Shugabarmu Rebeca Olguín mace ce mai saurin magana da saurin yanke hukunci. Ta zo ta tsaya a kansa, ta kalli hotunan biyu.

"Manhaja ta ce farantin ya ci jarrabawa?"

"Ta ce ya ci, ranki ya daɗe. Da ƙyar."

"Da ƙyar ma ci ne. Bar shi a ciki ka aika."

"In kuma zoben ƙarya ne?"

"To cire shi ka aika."

"In kuma gaskiya ne?"

Rebeca ta dafe goshi. "Malamin makaranta, ni me kake so in yi maka? In hau sama in dubo?"

Wasa take yi, amma shi ya riƙe maganar. Sama ba ta hawuwa, tudu kuwa yana hawuwa. Ya roƙa a bar shi ya je ya ga farantin da idonsa. Kowa ya gaya masa babu abin da ido zai gani, ƙarfe ne fari kamar sauran. Ya ce ya sani. Rebeca ta sa hannu don ta huta, ta haɗa ni da shi, wai kada ya ɓata a filin jirgi.

Likitan sansanin ma'aikata da ke ƙasan tudu ya auna mu, aka rataya wa kowa tukunyar iska da siririn tiyo a hanci, don a tsayin mita dubu biyar numfashi ba ya isar mutum. Wani ma'aikacin gyara mai suna Floridor ya ɗauke mu a mota. Babban mutum ne mai ƙaton ciki da yawan tsokana. Da ya ji Nolberto ɗan Toconao ne sai ya ce, "A'a, ashe ɗan gida ne. Kai ai ba ka buƙatar tiyo, mu 'yan bakin teku aka yi wa shi."

Nolberto ya yi murmushi, ya kuwa zare tiyon. Ya manta rabonsa da tudu irin wannan tun yana saurayi.

Rana tsaka muka isa. Iska tana yanka kunne, farantan suna tsaye a fili, duk sun juya fuska waje guda. Floridor ya tsaya a gindin ɗaya ya buga ƙafarsa da tafin hannu.

"Ga mutuminka. Arba'in da biyu."

Nolberto ya zagaya shi, ya ɗaga kai, ya sake zagayawa. "Amma ai wannan a tsakiya yake. Nawa yana can gefe."

"Da can ne. An ɗauko shi an dawo da shi nan tun kafin sanyi. Wanda ke can yanzu wani ne daban."

"To amma shi ne dai ya saurari gajimaren?"

"Ƙarfen dai shi ne. Kunnen da ke cikinsa kuwa, wato na'urar da ke kama igiyar, an sauya, lokacinsa na duba ya yi. Tsohon yana ƙasa a ɗakin gyara, sun warware shi."

Nolberto ya tsaya. Leɓɓansa sun fara yin shuɗi. "Tsaya, tsaya. Wanne ne arba'in da biyu? Ƙarfen, ko wurin, ko kunnen?"

"Lambar dai ga ta nan a rubuce," in ji Floridor.

Sai Nolberto ya manna kunnensa a jikin ƙarfen ya rufe ido. Da ya buɗe ido sai ya kalli Floridor da fuskar malami, kamar wani tsohon ɗalibinsa yake gani, ya ce, "Kai, Zepeda, ina aikin gidanka? Kullum sai ka ce ka bar shi a mota."

Floridor ya daina dariya. Ya mayar masa da tiyo a hanci, muka kama shi muka sa a mota. Duk hanyar gangarowa yana tambayata me muka zo yi, in gaya masa, ya ce "Haka ne," can kuma ya sake tambaya. A sansani ya yi amai, ya yi barci, ya farka da ciwon kai da kunya. Ya ce mini abin da ya fi ba shi haushi shi ne, a can sama akwai ɗan lokacin da ya ji ya gane komai sarai, amma ya kasa tuna me ya gane.

Da muka koma Santiago sai ya aika wa Dokta Marit hotunan biyu, mai zobe da marar zobe, ya bayyana mata yadda kowanne ya samu, ya ce shi bai san na gaskiya ba. Rebeca ta ce ba a taɓa yi mata irin wannan aiki ba, mutum ya je kasuwa sayen takalmi a ba shi ƙafa biyu daban-daban a ce ya zaɓa. Dokta Marit ta yi godiya a gajarce, ta nemi a sake kallon gajimaren. Sai ruwan bazara ya taso daga wajen Bolivia, sama ta jiƙe, aka dakata. Da aka samu sarari aka sake kallo, bayanan suka zo, Nolberto ya roƙa a ba shi.

Wannan karon babu farantin da ya karkace. Ya haɗa hoto. Rabin zobe ya fito, kamar baka, ɗaya gefen kuma babu komai.

Ya zauna yana kallonsa har na ji tausayinsa. "Eliana," in ji shi, "da babu ne, da na haƙura. Da akwai ne, da na yi murna. Wannan kuma me zan yi da shi?"

Ya aika. Shiru. Watanni suka wuce, wasu ayyuka suka zo suka tafi, amma duk ranar da ya samu sarari sai in ga ya buɗe hotunan uku ya jera su. Ya gwada wata hanyar daidaitawa, ya gwada sabuwar manhaja da aka fitar. Bakan yana ƙara haske, yana dishewa, bai taɓa rufewa ba, bai kuma tafi ba.

Can sai muka ji Dokta Marit za ta zo Santiago taro. Ranar Nolberto ya sa kwat. Doguwar mace ce mai fara'a, ta iya yarenmu kaɗan-kaɗan. Ya tare ta a bakin ɗakin taro ya gabatar da kansa, ya ce shi ne mai zoben.

"Wane zobe?" in ji ta.

Na ga fuskarsa ta canza. Ya faɗi sunan gajimaren. Ta yi tunani, sannan ta tafa hannu. Ashe ɗalibinta ne zai yi aikin, ya bar karatu ya koma wani kamfani, ita kuma ta shiga wani nazarin daban. Hoto na uku ma ba ta buɗe ba.

Duk da haka ta biyo shi teburinsa. Ta zauna a kujerarsa, ta cire tabarau, ta matso da fuska. Ta sa ya cire arba'in da biyu, ya mayar, ya sake cirewa. Aka leƙo aka ce ana jiran ta, ta ɗaga hannu ba ta juya ba.

"To, Dokta?" in ji Nolberto. "Akwai ko babu?"

"Ban sani ba," in ji ta. "Amma kada ka goge." Ta tashi ta tafi taronta.

Ya bi ta da kallo har ta shige. Sannan ya cire kwat ya rataya a bayan kujera. "Yanzu ni haushi ya kamata in ji, ko daɗi?"

Na ce ya gwada duka biyun ya gani.

Ba a daɗe ba ya nemi a mayar da shi sansanin da ke ƙasan tudu, kusa da gida. Herminia ta ce ta gaji da auren waya. Yana can har yanzu. Sababbin ma'aikata wajensa ake fara tura su, don babu mai haƙurinsa. Wasu suna fitowa sun iya aiki, wasu suna fitowa da tambayoyin da ba su shiga da su ba. Rebeca ta ce ta kasa gane ko gyara mata su yake yi ko ɓata su.

Ganina da shi na ƙarshe a garinsu ne, ranar da mutanen gari suke fita gayyar yashe magudanar ruwa. Na same shi cikin laka har gwiwa, ya naɗe wando, shebur a hannu. Ya ɗebo laka ya watsa dama, wani tsoho daga bakin magudana ya daka masa tsawa, wai nan hanyar mutane ce. Ya ɗebo ya watsa hagu, wani tsohon ya ce gonarsa ce, wa ya aike shi. Tsofaffin biyu suka bar shi suka kama musu da juna, kowa yana kiran sunan kakansa. Nolberto ya tsaya a tsakiya da shebur cike, laka tana ɗiga, yana kallon wannan yana kallon wancan. Da ya hango ni sai ya washe baki.

"Eliana! Kin zo? Shigo mana, akwai shebur."