Sabo da Gogen Tsohon Belleville

Sabo taubashina ne, ɗan ƙanen uwata, saboda haka ina da ikon tsokanarsa har ranar da ɗayanmu zai riga ɗaya. Tare muka tashi a Maraɗi. Ni aure ya kawo ni Paris, shi kuma wahala ta kawo shi. In ka gan shi a metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, da hular sanyi da jakar leda, ba za ka sake kallonsa ba. Wankin kwanuka yake yi, kuma har shekarunsa sun haura arba'in yana yinsa.

Ubansa, kawu Mika'il, mai goge ne, irin wanda in ya ja izga sai tsofaffin mata su ajiye tsintsiya. Sabo kuwa ya tsani gogen nan tun yana ƙarami. A makaranta ɗan maroƙi ake kiransa, kuma ya sha ganin ubansa ya duƙa gaban yaran da ya haifi kamarsu yana tsintar kuɗi a ƙasa. Ranar da kawu ya miƙa masa gogen, sai ya mayar da hannuwansa baya. Kawu bai sake miƙawa ba. Da ya rasu, Sabo yana nan Paris ba takardun zama, sai a waya aka gaya masa, bayan har an dawo daga maƙabarta.

Aikin da ya fi daɗewa a kai shi ne na wani ƙaramin gidan abincin mutanen Vietnam a unguwar Belleville. Madam Hanh ce ke girki, mijinta Lộc kuma, tsoho siriri mai furfura, yana zaune wajen kantar karɓar kuɗi. Sabo Baba Lok yake kiransa. Kullum in an tashi daga abincin rana aka rufe ƙofa, tsohon sai ya ɗauko wani abin kiɗa da suke kira đàn cò. Goge ne zalla, sai dai tsirkiyarsa biyu, izgar kuma a tsakaninsu take bi. Maimakon ƙwarya yana da ɗan gwangwani na itace da aka rufe da fatar maciji. Ranar farko da Sabo ya ji shi, hannuwansa na cikin kumfa, hawaye suka zubo masa. Ya ce da Madam Hanh albasa ce. Ban san tun yaushe mai wankin kwano ke yanka albasa ba.

Tsohon ya lura. Wata rana ya yafuto shi, ya ɗora masa abin a cinya. Sabo ya ja sau ɗaya, sai Baba Lok ya dube shi ya ce, "Wa ya koya maka riƙon?"

"Ba kowa."

"Ƙarya kake. Hannun nan ya taɓa ganin wani yana yi."

Barewa dai ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Daga ranar, hutun Sabo na rana ya koma makaranta.

Ranar Litinin ba a buɗe gidan abincin, sai abokan tsohon su taru a ciki. Akwai wata dattijuwa mai đàn tranh, dogon allo mai tsirkiyoyi reras da ake taɓawa da yatsu. Akwai wani tsohon direban taksi mai đàn bầu, wanda tsirkiyarsa ɗaya tak amma kukansa ya fi na sauran kama da muryar mace. Irin kiɗan nan tài tử suke ce masa, na mutanen kudancin ƙasarsu, kiɗan abokai ne bayan an tashi daga aiki. Sabo ya tambaye su wa ke biyansu. Suka yi dariya har direban ya ƙware da shayi. Da ya zo gidana a Saint-Denis ya ce mini, "Aïcha, wallahi ba mai yabon kowa, ba mai jefa musu ko sisi. Ashe ana kiɗa don kiɗan kawai?" Na yi niyyar tsokanarsa, amma fuskarsa ta hana ni.

Mutanenmu ba su ƙyale shi ba. Alhaji Mamane na Porte de la Chapelle in ya hango shi sai ya ɗaga murya: "Sabo, ka gudu daga gogen Maraɗi ka faɗa na Shinuwa! Alors, yaushe za a yi mana wasa?" Sabo ya gaji da gaya musu Vietnam ba Sin ba ce.

Shekaru suka tafi, ƴan Litinin suka dinga raguwa. Dattijuwar ta rasu, direban ya koma gidan tsofaffi. Ɗan Baba Lok guda, Guillaume, mai shagon magani ne a Lyon, yaron kirki amma bai taɓa riƙe izga ba. Sai tsohon ya fara koya wa Sabo wani kiɗa dabam, nhạc lễ, wanda suke raka gawa da shi. Da ya ga kiɗan ya zauna a hannun Sabo, ya ce, "Ranar da na mutu kai za ka yi mini. Ba na son a fita da ni kamar kaya."

Sabo ya ce, "Baba, ni Musulmi ne. Ba zan durƙusa wa hoto ba, ba zan kunna turare ba."

"Turare aikin matata ne. Kai dai ka ja izga."

Sabo ya ba shi hannu. Alkawari kaya ne, kuma taubashina ya ɗauki wannan da nauyinsa duka, don a zuciyarsa akwai wata jana'izar da bai samu ba.

Daga baya ciwon shanyewar jiki ya kama tsohon. Aka sayar da gidan abincin, Guillaume ya ɗauke iyayensa zuwa Lyon, gogen kuma aka bar wa Sabo. Sabon mai gidan ya riƙe shi a bakin aikinsa. A ɗakinsa yakan maƙala wa gogen abin matse shanyar tufafi ya rage masa sauti don kada maƙwabta su yi ƙara, ya yi ta maimaita kiɗan nan. In ya samu hutu ya hau bas ya je ya yi wa tsohon a gefen gado.

Bara da kaka aka sace wayarsa a metro, lambarsa ta canza, bai kai ga sanar da Lyon ba. Ni kuma ina Maraɗi wajen bikin ɗiyar yayata. Wata Alhamis yana ɗaura rigar aiki, sai wani mai kai abinci ga tebur ya ce masa, "Af, an bugo ana nemanka. Tsohon patron, mai gidan nan na da, ya mutu tun Litinin."

Iyakar abin da ya ji ke nan, kuma bai tambayi komai ba. Litinin zuwa Alhamis. A lissafinmu na gida, wanda ya rasu da safe kafin azahar an rufe shi. Sabo ya daɗe a Faransa, ya san a nan gawa takan jira, amma a wannan lokacin kansa ba ya Faransa. Wayar rasuwar ubansa ce ta dawo masa a kunne. Ya yanke wa kansa hukunci cewa an gama, ya sake makara. Kunya ta hana shi kiran Madam Hanh, don da wane baki zai yi mata magana? Ya shige ɗaki bai gaya wa kowa ba. Da ina gari da na ja kunnensa har tashar jirgin Lyon. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci, in rasa wa zan zaga.

Sai ya yi abin da ɗan mutunci ke yi a wurinmu, ya jira ranar bakwai ya je gaisuwa. Ya sayi buhun shinkafa ƙarami da sukari da dabino. Gogen ya bar shi a rataye, don wa ke shiga gidan makoki da goge bayan an riga an binne?

Lahadi da hantsi ya ƙwanƙwasa ƙofar Guillaume a Lyon. Madam Hanh ce ta buɗe, da farin ƙyalle ɗaure a goshi. Ta daɗe tana kallonsa.

"Jiya ne, Sabo," ta ce.

"Jiya me, Mama?"

"Jiya muka kai shi."

Guillaume ya so a yi jana'izar tun Alhamis, ita ta ƙi. Ta sa aka ɗaga har Asabar, ta bar saƙo da rana da wuri a gidan abincin, mai karɓar wayar ya riƙe rabi ya zubar da rabi. Ta sa aka ajiye wa Sabo kujera kusa da akwatin gawar. Duk wanda ya turo ƙofa sai ta waiga.

"Guillaume ya ce a sa masa kiɗan daga waya," ta ce. "Na hana. Mijina cewa ya yi kai za ka yi. A shiru aka fita da shi."

Sabo yana tsaye a bakin ƙofa, ya kasa shiga, ya kasa juyawa. Ta dubi kafaɗarsa, ta dubi bayansa.

"Ina gogen?"

"Na bar shi a Paris, Mama."

Ta gyaɗa kai. Sannan ta miƙa hannu biyu ta karɓi shinkafar, don ya manta yana rungume da ita.