Koren Ruwan da Balaraba Take Wankewa

Wata rana wata amarya mai suna Balaraba tana tsaye a bayan labulen falo, da tiren shayi a hannunta, sai ta ji an yi wa mijinta wata tambaya a waya.

Ya ƙara muryar wayar don abokansa da ke zaune su ji. Mai maganar ma'aikacin kamfanin da ya sayar masa da mota ne, can inda yake kai ta sabis.

"Alhaji, tsakaninka da Allah, bayan mun yi maka sabis, ka taɓa ganin ruwa a ƙasan motar?"

Alhaji Mamuda ya ce wallahi ko ɗigo bai taɓa gani ba. Ya ce garejinsa ko tuwo aka tuƙe a ƙasa sai ya ci.

Balaraba kuwa ta san motar ta zubar da ruwa.

Don ita ta gani.

Bari in koma da ku baya kaɗan.

Alhaji Mamuda ɗan kasuwar yadi ne, mutumin kirki, amma bai yarda da makanikai ba ko na sisin kwabo. Kullum cewa yake ka kai musu mota da ciwon kai, su dawo maka da ita da ciwon ciki. Shi ya sa ko mai za a canza, sai kamfani.

Ita kuwa Balaraba, yayanta da suke ciki ɗaya makanike ne. Yaya Sabitu. Shi ya riƙe ta tun rasuwar mahaifinsu, shi ya yi mata kayan ɗaki. Idan Alhaji ya fara zancen makanikai, sai ta sunkuyar da kai ta yi kamar tana tsince shinkafa.

Ranar da za a kai ta gidan miji, Inna ta ja kunnenta: kada ki kuskura mijinki ya fito ya taka ƙazanta a tsakar gidansa.

Ta riƙe wannan magana da hannu biyu.

Kullum da Alhaji ya dawo daga sallar asuba ya ɗan kishingiɗa, ita kuma sai tsintsiya da bokiti. Daga ƙofar kicin har gareji.

Washegarin da motar ta dawo daga sabis, ta duƙa za ta share, sai ga wani ruwa kore shar a ƙasan gaban motar. Ta dangwala da yatsa. Yana da santsi, yana wani ƙamshi mai zaƙi-zaƙi.

Ta ce a ranta, ikon Allah, kamfani dai daban ne, har sabulun wankinsu ƙamshi yake.

Ta sa ruwa ta wanke tas.

Gobe ma ga shi. Jibi ma haka, har ya fi na jiya faɗi.

Ta so ta tambaya. Amma ta tuna ranar da ta ce masa motar tana wani kuka, ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce amarya ta zama injiniya. Ba da mugunta ya faɗa ba. Ita ce dai kunya ta hana ta sake buɗe baki a kan mota.

Sai ta ci gaba da wankewa. Shi kuma ya fito ya ga siminti yana ƙyalli, ya sa mata albarka, ya ja motarsa.

Ana cikin haka Yaya Sabitu ya zo gaishe su. Zai tafi, Alhaji ya kunna mota zai rage masa hanya, sai Yaya Sabitu ya lura fitila ɗaya ta mutu. Ya ce a buɗe masa bonet. Alhaji bai so ba, amma suruki ne, ba dama ya hana. Yaya Sabitu ya ciro ƙwan fitila daga jakar kayan aikinsa ya sa, ya rufe. Ko sisi bai karɓa ba.

Ba a daɗe ba, a hanyar Zariya, motar ta yi zafi, tururi ya tashi. Lagireto babu ruwa ko kaɗan. Inji ya buga.

Aka jawo ta zuwa kamfani. Idan laifinsu ne, su za su gyara kyauta. Suka duba suka ce bakin tiyon ruwa ne bai ɗauru ba. Sannan suka ga ƙwan fitilar da ba irin nasu ba.

Shi ne suka bugo waya da waccan tambayar.

Da Alhaji ya rantse bai ga ruwa ba, mutumin ya ce to ai magana ta ƙare. Da daga wurinsu ne, da tun washegari ta fara zuba. Wanda ya buɗe bonet daga baya, shi za a tambaya.

Balaraba ta ɗaga ƙafa za ta shiga.

Ta tsaya.

Mijinta ya rantse da Allah a gaban abokansa. Ta fito da mayafi ta ce ba haka ba ne? Ta ce bari baƙi su tafi tukuna.

Baƙi ba su tafi ba sai da Alhaji ya kira Yaya Sabitu a waya a gabansu. Ya ce dama ya sani, makanike ko ɗan'uwanka ne sai ya taɓa abin da zai sa ka dawo wurinsa. Ya ce kada ya ƙara kusantar ko keken gidansa.

Daga can ɓangaren ba ta ji komai ba sai "Allah ya ba da haƙuri, Alhaji."

Bayan wannan, maganar ta yi mata nauyi a baki. Kullum ta ce gobe. Abokan Alhaji da suke kai wa Yaya Sabitu motocinsu suka janye ɗaya bayan ɗaya. Shi ma ya ɗauke ƙafa daga gidan.

Ranar da ta je gaida Inna, ta same shi a soro yana wanke baƙin mai daga hannunsa. Ta durƙusa.

"Yaya, ruwan nan tun kafin ka zo yake zuba. Ni nake wankewa kullum da safe."

Ya daina cuɗa hannun.

"Ya sani?"

"A'a."

"To kada ya sani, Auta. Ni makanike ne, zagi ba baƙona ba ne. Gobe wata motar za ta shigo gareji. Ke kuwa gida ɗaya gare ki."

Ta yi kuka har Inna ta leƙo tana tambayar wa ya mutu. Ya ce kewar gida ce kawai.

Duk da haka, a hanya ta ƙudurta za ta faɗa.

Da yamma Alhaji ya shigo da motar, an gama gyara. Ya fito a gajiye, ya rame, ya dubi simintin garejin, ya dube ta. Ya ce a duk abin nan da ya faru, ita kaɗai ce ba ta taɓa ba shi ciwon kai ba.

Ta buɗe baki.

Ta ce, "Sannu da zuwa."

Ta karɓi jakarsa ta shige gaba. A nan ta yanke wa ranta: ba shi ba, ba Inna ba, ba kowa ba.

Har yanzu tana shara da asuba. Sai dai idan ta zo gaban motar, takan duƙa ta leƙa. Ko ɗigon ruwan sama ta gani, sai ta zagaye shi da tsintsiya, ta bar masa ya fito ya gani da idonsa.

Yaya Sabitu kuwa bai sake taka gidan ba.

Darasi: 'Yar'uwa, abin da kika gani ba ki gane ba, ki nuna shi kafin ki wanke. Dariyar da za a yi miki ta minti ɗaya ce, shirun kuwa wani ne zai biya kuɗinsa. Kai kuma maigida, idan ta ce motar tana kuka, ka saurara. Wadda kake yi wa dariya ita ce take ganin ƙasan motarka kowace safiya.

Ku tura wa matan da kunya take rufe wa baki, da mazan da suke saurin yanke wa mai gyara hukunci. Wataƙila akwai wadda bokitin yana hannunta yanzu haka.