Fatar Ragon Kaka da Tsutsotsin Sama

Kashegarin Babbar Sallah, shekarar da nake ajin ƙarshe a firamare, Baba ya kira ni gindin darbejiyar gidanmu da ke Garwa, ya shimfiɗa mini fatar farin rago a ƙasa. Bazara ce, tun hantsi ƙasa ke ƙona ƙafa. Baba mahauci ne, mako na Sallah ba ya zama gida, don haka ya danƙa mini aikin: in kankare kitsen, in shafe ta da gishiri, in kafe ta da turaku a inuwa. Ragon na Kaka ne, mahaifiyarsa. Ita ta yi kiwonsa da hannunta, da dusa da harawa, kuma tun yana ɗan ƙarami take cewa da fatarsa za a yi mata sabon buzu, domin wanda take sallah a kai ya ƙoƙe, gwiwoyinta har ciwo suke. Na ce to. Baba na fita na ji fiton Tumas daga bayan katanga.

Tumas maƙwabcinmu ne, iyayensa Kiristoci ne daga duwatsun arewa, kuma yayansa ya zo hutu daga Yawunde da tsohuwar kwamfuta mai ƙatuwar ƙeya. A cikinta akwai wasan yaƙin sararin samaniya, komai nasa da Faransanci. Na ninke fatar yadda take, na cusa cikin tsohon daro, na kife wani a kai, na tura bayan ɗakin girki da niyyar dawowa bayan azahar.

Dakaru iri-iri ne a wasan, amma waɗanda suka tsaya mini a rai su ne waɗanda muke kira tsutsotsin sama. Yayan Tumas ya ba mu tarihinsu. Ba su da gari, ba su da harshe, uwa guda ce ke tunani a madadin dukansu. Su sauka wata duniya su cinye ciyawa da dabba da mutum har da ruwan kogi, kuma duk abin da suka ci sai su haifi 'ya'ya masu kama da shi. Gidajensu ma nama ne mai numfashi. Inda suka zauna sai wani yauƙi ya malale ƙasa, ƙwai su kumbura a kai su fashe da wata ƙara kamar an taka ruɓaɓɓen mangwaro. Ni ɗan mahauci ne, na girma ina wanke tumbi da hanji, amma ranar da aka zuba mini miyar kuɓewa kasa kai loma na yi. Duk da haka su nake zaɓa kullum, saboda da su ake cin wasa. Ba ka damu da nawa suka mutu ba, ka dai turo wasu. Tumas yakan toshe hanci yana cewa, "Kai da ƙazaman nan naka!" Ni kuwa in yi dariya alhali tsigar jikina na tashi.

Kwana uku muka yi a haka. Kowace safiya sai in tuna da daron, in ce gobe.

Rana ta huɗu ƙanwata Hadiza ta leƙo gidan su Tumas ta ce Baba na nemana. Tun daga zaure na ji warin. Na tarar da shi tsaye bayan ɗakin girki, ƙudaje koraye shar sun yi wa daron rumfa. Bai ɗaga murya ba. Cewa kawai ya yi, "Buɗe." Da na ɗaga murfin wani zafi ya bugi fuskata. Fatar tana motsi. Tsutsotsi ne farare, masu ƙiba, suna hawa kan juna suna zubowa ta gefen daron, kuma akwai sauti, wani ɗan ƙaramin caɓal-caɓal da ban taɓa sanin tsutsa na yi ba. Wata ta faɗo kan ɗan yatsan ƙafata. Na juya na amayar da kunun safe.

"Ɗauko ta," in ji Baba. "Da hannunka."

Na kama gefenta, gashin ya biyo yatsuna a dunƙule, ya bar fata mai santsi da huji-huji. Haka na ɗauke ta har bayan gida, na haƙa rami na binne, suna bin damtsena. Na wanke hannu da toka da sabulu ya fi sau biyar, amma har kwana biyu in na kai tuwo baki sai in ji warin.

Duka na zata, ban samu ba. Kaka ce ta fito da butarta ta tsaya ta dubi daron, ta dube ni, ta ce, "Da ka ce ba za ka iya ba, ai da na yi da kaina." Ta shiga ɗaki ta shimfiɗa tsohon buzunta. Da Sallah ta zagayo Baba da kansa ya gyara mata wata fatar, amma kafin nan gwiwoyin sun ƙi, a kan kujera take sallah. Wasan kuwa ban sake taɓa shi ba. Tumas ya yi ta zolayata, na ce masa kawai ya ishe ni.

Yanzu 'ya'yana suna kwance a falo da waya, suna tura irin waɗancan halittun a wasa, sun ma fi namu muni, har yawun bakinsu kana gani. Suna cin biskit suna kallo, ko gezau. Ba su taɓa wanke hanji ba, kuma a unguwarmu an daina shanya fata, masu saye ke bi gida-gida da babur su kwashe tun ranar yanka. Nakan so in hana su, sai kuma in ƙyale su. Ƙyamar da na sani ta hanci da tafin hannu ta shige ni, a tsakar gidan da yanzu babu kowa nawa a cikinsa.