Kaina Ya Maƙale a Gorar Ruwa

'Yan uwa, yau saura ƙiris gorar ruwa ta kashe ni a Dubai!

A makarantar yaran da nake aiki aka ce gobe mu yi shigar masu nutso cikin teku na zamanin da. Don in haɗa irin hular da ke rufe musu kai gaba ɗaya, na samu babbar gorar roba, na yanke gindinta, na shafa mata fenti ruwan zinari, na bar 'yar taga. Na zura kaina in gwada. Ta shige, ta ƙi fita! Tulin kitson da aka yi min jiya ya tokare ta.

Ga warin fenti, ga ni ni kaɗai a gida. Numfashina ya sa tagar ta dushe. Wayata ma ta ƙi buɗewa, wai ba ta gane fuskata ba!

Da lalube na buga ƙofar maƙwabciyata, Anti Rabi.

Ta kurma ihu: "A'uzubillahi! Mutum ko aljan?"

"Anti, Zainab ce, zan mutu!"

Ta rarumo almakashi. "Yalla, yi sauri, gorar zan yanka ko kitson?"

"Gorar!"

Garin sauri, ta datse duka biyun.