Inna Kulu, wadda ta ƙi a rufe magana

Da safen nan, ina tsaka da yi wa yara rigakafi, aka kira ni daga Bukkuyum. Wai Inna Kulu ta rasu.



Baƙuwa na je musu, Kirista daga Filato, an turo ni aikin jinya a ɗan asibitin ƙauyensu. Ita ce unguwarzomar garin. Ranar da na sauka ta aiko min da fura da nono, ta ce kada Sista ta kwana da yunwa a garinsu.

Wata rana da hantsi ta shigo riƙe da wata yarinya da aka yi wa fyaɗe a hanyar itace. Kowa ya san wanda ya yi, mai injin niƙa dutsen zinari ne, yana da manya a bayansa. Dattawa suka ce a rufa asiri.

Inna ta ce, "Asirin wa? Mun rufe na ɗiyan da sunka gabata, mi munka samu?"

Gida-gida ta bi da ƙafa, har ƙauyukan maƙwabta. Ranar kasuwa mata suka fito, tsofaffi da masu goyo, har da waɗanda ba su taɓa fita ba izinin miji ba. Suka zauna a ƙofar hakimi cikin rana, ba ihu ba zagi, sai da aka miƙa mutumin ga 'yan sanda. Ni na rubuta rahoton asibiti, tana tsaye a kaina saboda ta lura na tsorata.

Ta sha wuya a kan haka. Wasu magidanta suka hana a kira ta karɓar haihuwa. Ɗan cikinta ya yi watanni ba ya gaishe ta.

Amma daga lokacin iyaye mata suka fara kawo 'ya'yansu asibiti da kansu in an yi musu irin haka.

Ganinmu na ƙarshe bayan ƙaramar salla ne, da na kai mata ziyara, lokacin na riga na bar garin. Ta rame, tana kwance a kan tabarma. Ta kama hannuna ta ce, "Sista, in anka kawo miki ɗiya, kar ki fara da tambaya. Ba ta ruwa ta sha tukuna."

Na ce zan dawo. Hanya ba lafiya, na yi ta ɗagawa.

Allah ya jiƙanki Inna, ya haskaka makwancinki, ya tsare yaran da kika tsaya wa. Don Allah duk wanda ya karanta, Musulmi ko Kirista, ya sa ta a addu'a.