Miyar Kifin Kakata

Shekarun baya, bayan mahaifina ya tashi daga wata doguwar jinya, sai ya daina cin abinci. A kai tuwo a dawo da shi, a dama kunu ya kurɓa sau biyu ya ture. Ya rame har rigunansa suka yi masa yawa. Likitan da ke duba shi a nan Tambuwal ya ce magani ya gama nasa aikin, saura abinci.

Wata rana ina zaune kusa da shi, ya ce da zai sami dafaffen kifi irin na Inna, da ya ci. Inna mahaifiyarsa ce, ta rasu tun ban yi wayo ba. Ya ce takan dafa tarwaɗa da dankali da ɗanyar masara a tukunya ɗaya, ta tsame su a akushi, sannan ta kwarara musu wata jar miya. Miyar nan ce ransa ke so.

Ni kuwa a lokacin ina ji da kaina a girki. Na soya albasa a man shanu, na zuba tattasai da attaruhu da citta da daddawa. Ya ɗanɗana, ya ce ta yi daɗi amma ba ita ba ce. Washegari na ƙara kimba da masoro, rana ta uku na gwada tsamiya, duk dai amsar ɗaya. Mahaifiyata ta ce in huta, ita ma ta sha gwadawa, domin Inna ba ta barin kowa kusa da turminta in za ta yi wannan miya. Maganar nan ta hana ni sakat. Me ake dakawa a ɓoye?

Ƙanwar Inna na nan da rai a Fakku, muna kiranta Iya. Yayana ya ɗauke ni a babur muka tafi. Da na gaya mata abin da ya kawo ni, ta yi dariya har da tari, ta aika wurin wani masunci maƙwabcinta. Bayan la'asar aka kawo ƙwarya a rufe. Ina ɗaga faifan na yi baya da sauri: ƙaguwa ce, suna ta motsi.

Na ce, "Iya, wannan ake sawa?"

Ta ce, "To kin ga abin da yas sa aka ɓoyewa. Ubanki tun yana ƙarami ko ganinta ba shi so."

A gabana ta gasa su a garwashi har suka yi ja, ta daka su da ɓawonsu, ta jiƙa da ruwan dahuwar kifi, ta tace sau biyu. Wannan ruwan ta juye a kan soyayyen man shanu da albasa da tattasai, ta bar shi ya yi kauri, ta matsa lemun tsami. Daddawa kuwa ta ce in ajiye ta, ita ke danne ƙamshin.

Na dawo gida da sauran ƙaguwar na yi yadda na gani. Tun miyar na kan wuta mahaifina ya tambaya daga ɗaki me ake dafawa. Ya cinye kifin da dankalin, ya suɗe akushin da yatsa, sannan ya tambaye ni me na sa. Mahaifiyata tana yi mini alama da ido, amma na kasa yi masa ƙarya.

Na ce, "Baba, ƙaguwa ce."

Ya kalli akushin. Can ya ce, "Ashe haka Inna tay yi mini shekara da shekaru." Ya yi dariya, ya share idonsa da hannun riga, ya tambaya ko da saura. Daga ranar cin abincinsa ya fara dawowa.

Iya ta rasu a shekarar da ta biyo baya. Nakan tuna cewa da ban hau babur ɗin nan ba, da miyar ta tafi tare da ita, shi ya sa yanzu in na zauna da tsofaffi ba na jin kunyar tambaya. Har yau da ludayi nake kama ƙaguwa, ina jan jiki baya. Mahaifina kuma in baƙi sun zo yakan gaya musu shi bai taɓa cin ƙaguwa ba, miyar Inna kawai yake ci.