Hon Ɗin da Baba Bai Gwada Ba

Shekara talatin da ɗaya mahaifina ya yi a filin da ake kwance matattun motoci. Da farko walda yake yi, har tartsatsin wuta ya cinye masa ido. Daga nan mai filin ya ba shi benci a ƙarƙashin rumfa, da batir ɗaya da waya biyu, ya zama shi ke gwada hon. Kowa Baba Mai Hon yake ce masa, har Inna idan tana jin tsiya.

Filin nan ban taɓa son sa ba. Motoci ne a kan motoci har hawa uku, ba gilashi ba taya, ƙadangaru na shiga ta gurbin fitila suna fita ta but. Bakanike zai zo neman giyar tsohuwar tasi, a ce masa ya bi layi na huɗu da sifanarsa, ya kwance da kansa. Wani lokaci ya dawo da giyar, wani lokaci ya dawo da takalmi ƙafa ɗaya da ya tsinta a ƙarƙashin kujera, ya ajiye a gefe.

Baba yana da ƙa'ida. Duk motar da janwe ya jawo daga wurin haɗari, ba mai sa mata guduma sai ya jona hon ɗinta ya yi kuka sau ɗaya. Wai direba ya danna bai ƙarasa ba, a bari ta ƙarasa. Ina yi masa dariya, amma na ga ƙarti suna ajiye guduma su yi tsit har kukan ya mutu. Kunnensa kuwa abin tsoro ne. Hon ya yi ƙara a titi, zai gaya maka motar waye.

Yayana direban bas ne mai dogon zango, kuma Baba ne ya ɗaura masa hon da hannunsa. Wata tafiya Yaya ya yi, wayarsa ta daina shiga. Muka zaga tasha da asibitoci, babu wanda ya gan shi. Rana ta tara na kai wa Baba abincin rana, sai ga janwe da bas irin ta Yaya, ta ƙone ƙurmus, ba lamba ba fenti. Mai janwen ma hannu na uku ya saye ta, bai san inda ta faɗi ba. Hon ɗin ne kawai wuta ba ta kai gare shi ba.

Aka ciro, aka ɗora wa Baba a cinya. Ya shafa shi, ya ɗauki waya ɗaya ya jona. Ta biyun tana hannunsa. Filin ya yi shiru da tsakar rana, har ina jin kwanon rufin rumfa na ƙas-ƙas saboda zafi.

Mai filin ya ce, "Baba, a gwada mana. Ga mai son aksul yana jira."

"Ku kwance abinku," in ji Baba. "Wannan ba na sayarwa ba ne."

Na ce, "Baba, don Allah ka jona mu sani."

"Ke, idan na jona, na ji. Idan na ji kuma shi ke nan."

Ya kai shi gida ya ɗora a saman kwaba. Na ji haushinsa ƙwarai, ban ɓoye ba. Inna ta yi kuka, ta yi fushi, ta yi lallashi. Shekara huɗu yana zuwa aiki yana gwada hon ɗin mutane, ya dawo ya zauna yana fuskantar kwabar nan. In mun yi magana ya ce gobe. Yaya bai dawo ba, Baba kuma ya kwanta ciwon kwana biyu ya rasu.

Makon jiya Inna ta ce in aro batir. Muka rufe ƙofa, na sauko da hon ɗin daga saman kwaba, na jona waya biyun. Ya yi kuka mai tsawo, a shaƙe, har labule ya motsa. Na saki, na juya na kalli Inna, na tarar ita ma ni take kallo.

Ta ce, "Nasa ne?"

Na ce, "Inna, ni duk hon iri ɗaya nake jin su."